Taubashina Ya Ce Ba Wasa Nake Ba

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatun wannan mujalla. Na daɗe ina karanta labaran mutane a shafin nan ina kaɗa kai, yau kuma nawa na kawo. Ba zan kama sunan kowa ba. Ba wai don sun cancanci a rufa musu asiri ba ne, sai don ɗiyansu da jikokinsu da ba su san komai ba. A shekarun farko bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai ni saurayi ne ɗan kwaleji, ɗan manomi daga wani ƙauye na Adar tsakanin Karofane da Tabotaki, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa. Ba da son tsohona na shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Maigari aka ce ya ba da yara, shi kuwa ya miƙa ni don gidanmu ba shi da mai tsaya masa. Amma da aka ga kaina yana ja, har aka tura ni makarantar kwana can nesa da gida, sai tsohon nan ya sake ra'ayi, burinsa duka ya taru wuri ɗaya: in kai ajin ƙarshe, in ci jarrabawar birebe ta gama kwaleji, ƙauyenmu ya samu ɗansa da zai karanta takardar gwamnati da idonsa, a daina karanta mana abin da aka ga dama. Saura shekara guda burin ya cika. Ina da baki a lokacin, wallahi ina da baki, kuma ina son a saurare ni.

Ba ni kaɗai aka kai ba. Tare muka tafi da taubashina, ɗan gwaggona ƙanwar tsohona. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Ka zage shi ya zage ka, ka ce masa bawanka ne, ka cinye masa hura yana kallo, ba mai ikon yin fushi. Maganar da in bare ya faɗa za a zare wuƙa, in taubashi ya faɗa dariya ake yi. Ko gaban alƙali ba a kai ta, da an ce wasan taubasai ne magana ta mutu nan take. Shi nasa wasan da ni hula ce. Duk inda ya gan ni da hula sai ya lallaɓo ta baya ya fizge, ya ce bawa ba ya rufe kai a gaban ubangijinsa, ni kuma in bi shi da gudu in ƙwato abata. Tabarma ɗaya muka kwanta a makaranta, ƙwaryar tuwo ɗaya muka ci. Shi mai sanyi ne, mai lissafin inda zai aza ƙafa, kullum yana shiri da masu tsaron ɗalibai. Na ɗauka kunya ce. Ashe wani abu ne daban.

A ajin kusa da na ƙarshe aka kawo mana sabon darasi na sanin haƙƙin ɗan ƙasa da tsarin mulki. Mu dai darasin siyasa muke ce masa. Malamin, wanda muke kira mushe kamar sauran malamai, matashi ne da ya dawo karatu daga waje, da kwat da takalmi mai ƙara, mai son jin muryar kansa fiye da kowa da na taɓa gani. Shi ya koya mana menene majalisa, menene depite, wato ɗan majalisa, menene ƙuri'ar asiri, ya zana mana a allo yadda masu rinjaye ke zama gefe guda masu adawa gefe guda. Ya ce ƙasar da ba a iya ce wa gwamnati ta yi kuskure ba ƙasa ba ce, gona ce. Muna zaune baki buɗe. Ku tuna kuwa a lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, ɗayar an haramta ta, ko sunanta mutum ba ya kamawa sai ya waiga. Mushe ya san haka sarai. Mu ne yara, shi ne babba, amma daɗin bakinsa ya fi masa rayukanmu.

Wata rana ya shigo yana murmushi ya ce za mu yi majalisa a cikin aji. Aka jera tebura biyu suna fuskantar juna. Ya naɗa ni shugaban masu adawa, ya ce don bakina ba ya mutuwa, ya naɗa taubashina shugaban ɓangaren gwamnati, don ya ji labarin wasan da ke tsakaninmu kuma yana son aji ya yi dariya. Batun da ya ba mu shi ne haraji. To ni me zan nema a littafi kan haraji? Da idona na ga an zaunar da magidanta a rana don ba su biya ba tun hatsi bai nuna ba. Na ga an kora saniyar wani Buzu, ita ɗaya tilo, yaransa suna bin ta da kuka. Na miƙe na zuba su duka cikin faransanci, na ce farin mai mulki ya tafi amma bulalarsa ya bar ta, hannu kawai ta sauya. Aji ya ɗauki tafi. Taubashina ya tashi zai ba da amsa, harshensa ya sarƙe, ya yi ta maimaita kalma ɗaya har aka fashe da dariya. Mushe ya ba ni maki mafi yawa, ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce irina ƙasa ke buƙata. Da muka fita taubashina ya fizge hulata kamar kullum, amma ranar bai yi gudu ba, ya dai miƙo mini abata.

Da hutun damina muka koma gida. A ƙauyenmu in an taso daga noma an yi la'asar, dattawa kan zauna gindin tsamiyar ƙofar masallaci, kuma al'ada ce in ƴan lakwal sun zo hutu a kira su a tambaye su abin da ake koya musu, rabi don sha'awa rabi don ba'a. Tsohona ne ya ce mu nuna musu. Da ma wuri nake nema. Na ce wa taubashina mu maimaita majalisarmu da Hausa. Da ƙyar ya yarda. Kai, ranar na yi magana! Abin da na faɗa a aji da faransanci, da ya dawo Hausa sai ya ƙara kaifi, don yanzu waɗanda aka zaunar a rana su ne ke saurarona. Na nuna taubashina da yatsa na ce ga gwamnati nan, baiwata ce, ta ci hatsinmu ta yi ƙiba ta manta hanyar ƙauye. Dattawa suka yi ta dariya har da masu share hawaye. Makiyaya da suka zo shayar da shanu suka tsaya suna jingine da sanduna. Maigari da kansa ya ce yau ɗan namiji ya kayar da ɗan mace, a ba shi goro. Ba wanda ya ɗauke shi wani abu, don a idonsu taubasai ne biyu ke caccakar juna, gwamnati kuwa suna ce kawai da aka ara. Wakilin jam'iyya na ƙauyenmu yana wurin, shi ma ya yi dariya. Tsohona ya koma gida ranar yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Gab da ƙarewar hutu gari ya ɓaci. Aka fara raɗe-raɗin cewa mutanen jam'iyyar da aka haramta sun tsallako iyaka da bindigogi. Daga Madawa har Keita ba ka jin komai sai an kama wane, an tafi da wane. Aka matsa wa kowane wakilin jam'iyya ya faɗi wanda yake zargi a garinsu, wanda bai kawo kowa ba kuwa shi za a zarga. Namu wakilin, matsoraci ɗan matsoraci, ya duba ya duba bai ga kowa ba sai ɗan lakwal da ya yi surutu gindin tsamiya. Da hantsi kamyo, wato babbar mota, ya shigo gari da jandarmomi, ina gona ina taya tsohona yankan hatsin fari. Aka tara gari gindin tsamiyar nan dai. Maigari, Allah ya jiƙansa, ya tsaya mini. Ya ce wa shugabansu abin da ya faru karatun lakwal ne yara suka nuna, kuma ko ba karatu ba ne wasan taubasai ne, kowa a nan shaida ne. Shugaban jandarmomin ba baƙon al'ada ba ne, shi ma yana da nasa taubasan a garinsu. Na ga fuskarsa ta saki. Ya ce in haka ne abin mai sauƙi ne, a kira taubashin. In ya ce wasa ne, su ba su zo kama masu wasa ba, za su hau motarsu su tafi.

Wallahi har na fara murmushi. Me ya rage? Kalma ɗaya ce, kuma daga bakin wanda muka sha nono gida ɗaya. Aka turo shi gaba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, yana murza bakin rigarsa. Aka sake tambayarsa. Sai ya ce shi dai a nasa ɓangaren wasa yake, amma ni bai san zuciyata ba. Shugaban ya ce ba zuciya aka tambaye shi ba, wasa ne ko ba wasa ba ne. Ya ɗago kai, bai dube ni ba, ya ce ba wasa nake ba, ko a makaranta haka nake magana, kuma shi ya sha hana ni. Ya sha hana ni! Yaushe? A ina? Gwaggona, uwarsa, ta kurma ihu daga bayan mata ta kira shi da sunan da ba zan rubuta ba. Dattawan da suka yi dariya har da hawaye duk suka sunkuyar da kai, don in taubashi da bakinsa ya ce ba wasa ba ne, babu wanda ya isa ya ce wasa ne, ko maigari. Inuwar da na fake a ciki shi ke riƙe da ita, ya janye. Aka ɗaure mini hannu da igiyar da muke ɗaure dami, don ita ce a kafaɗata.

Ba zan ba ku labarin kaso dalla-dalla ba. Ɗaki ne da aka gina don mutum kaɗan aka cusa mu da yawa, da manoma da fatake da wani tsohon malami da bai ma san sunan shugaban ƙasa ba. Tambaya ɗaya ake yi mini kullum: wa ya koya mini, wa ya aiko ni. Kullum amsata ɗaya, a aji aka koya mini, darasi ne, har maki aka ba ni. Duk na faɗa sai a ƙara mini duka, a ce ina raina musu hankali, wace makarantar gwamnati za ta koya wa yaro zagin gwamnati. Kunnena na hagu tun daga can bai ƙara jin magana sosai ba. Amma ban karaya ba, don na san akwai mutum na biyu da zai iya fitar da ni. Na ce a tambayi mushe. Na yi imani da mutumin nan kamar yadda yaro ke imani da ubansa.

Tsohona ya bar hatsinsa a gona tsuntsaye na ci, ya kama hanya, wani wuri a ƙasa wani wuri a bayan motar kaya, har makarantarmu. Mutumin da bai taɓa wuce kasuwar Buza ba. Shi ya ba ni labarin daga baya, sau ɗaya, bai ƙara ba. Ya ce ya durƙusa a ƙofar aji ya cire takalmi, ya ce wa mushe ranka ya daɗe, shi uban yaron nan ne da ya dafa wa kafaɗa, ba abin da yake roƙo sai ya gaya wa hukuma gaskiya, cewa shi ya sa yara su yi majalisa. Mushe, wanda Hausa ce harshen uwarsa, ya ƙi yi wa tsohona Hausa. Ya kira mai gadi ya yi musu tafinta. Ya ce shi darasin da ke cikin littafi yake koyarwa, zancen adawa kuwa na ƙasashen Turawa ne, bai taɓa sa wani ɗalibi ya taɓa gwamnatinmu ba, in yaro ya ɗebo ɗabi'arsa daga gida kada a shafa masa. Sannan ya ce a fitar da tsohon, yana hana yara karatu. Taubashina yana zaune cikin ajin nan a layin gaba. Kawunsa na durƙushe a ƙofa, bai ko tashi ya kama masa takalmi ba. Tir da wannan zama.

An sake ni bayan sanyi ya wuce, don ba su samu komai a kaina ba, kuma suna buƙatar wurin. Na tarar an kore ni daga makaranta, an kuma hana a karɓe ni a kowace. Lokacin jarrabawar birebe ina bisa tudu ina kwashe duwatsu daga gonarmu. Taubashina ya ci, ya wuce gaba, ya zama babban ma'aikaci mai mota da direba. Mushe kuwa ƙarin girma ya samu, kuma da zamani ya juya na ji shi a rediyo yana ba da labarin yadda ya yi gwagwarmayar ƴancin faɗar albarkacin baki. Na kashe rediyon don kada in fasa shi. Tsohona bai sake zama gindin tsamiya ba har ya rasu. Bai taɓa ce mini na yi laifi ba, kuma wannan shirun ya fi mini dukan kaso ciwo, don na san shi ma kansa yake zargi, shi da ya ce mu nuna abin da aka koya mana. Tsakaninsa da ƙanwarsa sai gaisuwar mutuwa. Ni kuma na yi noma, na yi fataucin albasa a Madawa, na riƙe iyalina da guminmu, alhamdu lillahi. Amma duk takardar gwamnati da ta zo ƙauyenmu ni ake kawo wa in karanta.

Sai da gemuna ya yi fari muka sake haɗuwa ido da ido, ni da taubashina. Ya yi ritaya ya dawo yankinmu, aka yi sunan jikan wani ɗan'uwanmu, gida cike da mutane. Ina zaune bisa tabarma sai na ji an fizge hulata ta baya. Na waiga, shi ne, ya tsufa, ya yi tumbi, yana dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ɗaga hular ya ce bawa ba ya rufe kai a gaban ubangijinsa. Kowa ya san abin da yake nema. In na tashi na bi shi na ƙwace, ko na rama da zagi, shi ke nan taubasantaka ta dawo, abin da ya wuce ya wuce ba tare da ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba. So yake al'adar da ya kashe da bakinsa ta tashi ta wanke shi kyauta. Na miƙe a hankali, na ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa manyan baƙi, na ce masa ranka ya daɗe Alhaji, na gaishe shi da hanya, na tambayi iyali. Sannan na tambaye shi, a gaban kowa, wannan ɗin wasa ne ko ba wasa ba ne, don ni ban san zuciyarsa ba. Hannunsa ya sauko. Ya miƙo mini hular. Ban karɓa ba. Na sa takalmina na ratsa gari da kai a buɗe, furfura a rana, har gida.

Bara taubashina ya rasu. Na je jana'iza don haƙƙin musulunci, na tsaya a sahun baya. Bayan an share makoki babban ɗansa ya zo gidana, yaro mai ladabi, ya durƙusa ya ce mini Baba, ya ciro wani ƙunshi daga aljihu. Hulata ce, an wanke ta an naɗe. Ya ce tsohonsu ya ajiye ta cikin akwatin tufafinsa, kuma da ciwo ya tsananta ya ce a kawo mini, a gaya mini wasa ne. Yaron bai san ma'anar saƙon ba, ya ɗauka zancen hular ake. Ni na sani. Amsar tambayar da aka yi masa gindin tsamiya ce ya aiko mini, bayan tsohona ya zama ƙasa, bayan kunnena ya mutu, bayan babu sauran jandarma da zai hau mota ya tafi. Na yi wa yaron godiya, na sa aka ba shi hura. Da ya fita na zauna na yi kukan da ban yi a kaso ba, kuma kada wani ya ce na tausayi ne. Na takaici ne. Ashe ya sani. Duk shekarun nan ya sani.

Malaman addini sun ce mini in yafe, ina kuma roƙon Allah ya ba ni ikon yi kafin tawa ta zo, amma ba zan yi muku ƙarya in ce na yi ba. Nadamar da nake yi ba ta abin da na faɗa ba ce, don gaskiya na faɗa, an zaunar da mutane a rana. Nadamata ita ce na ɗauki maganar da ke iya kashe mutum na aza ta bisa amanar mutum biyu, ban taɓa tambayar kaina ko za su iya ɗaukarta ranar da tsoro ya zo ba. Ku ɗalibai da ke karatun siyasa yanzu, ku karanta, ku yi muhawara, ban ce ku rufe baki ba. Amma ku sani tafin aji ba ya bin mutum zuwa gaban hukuma, kuma wanda ya fi kowa yaba muku ba lalle ne ya san ku ba in rana ta ɓaci. Ku kuma malamai, ku ji tsoron Allah. Kada ka sa wa ɗan mutane magana a baki in ka san ba za ka iya tsayawa ka ce ni na sa shi ba. Wanda kuma aka tsayar a gaban jama'a aka ce kalmarsa ɗaya za ta ceci ɗan'uwansa, ya faɗe ta a ranar, da ransa, da bakinsa. Hular tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina. Ban sa ta ba, kuma ba zan sa ba.